Doka da Rana, Doka da Dare: Nazari kan Jama'a, Arziki da Tsarin Gari a Kaduna ta Arewa

Doka ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa, kuma nan ce tsohuwar cibiyar birnin Kaduna. A nan Babbar Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi take, da titin Ahmadu Bello, da Magajin Gari inda sakatariyar ƙaramar hukumar ke zaune, da Zauren Lugard inda majalisar dokokin jiha ke zama. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum 364,575 a kan ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita kusan 72, wato mutum dubu biyar da 'yan kai a kowane murabba'in kilomita. Maƙwabciyarta Igabi ta sami mutum 430,753 a kan fili da ya haura murabba'in kilomita 3,700, Chikun kuma 372,272 a kan fiye da 4,400. Wanda ya tsaya a kan waɗannan alƙaluma zai ce Doka birni ce cunkushe, Igabi da Chikun kuma ƙauye ne fetal, mutum ɗari da 'yan kai ko ƙasa da haka a murabba'in kilomita. Wannan nazari yana so ya nuna cewa rabon ya daɗe da tsufa. Birni ya tsallake iyakar da aka shata masa, ya shiga cikin ƙananan hukumomin da har yau takarda ke kira na karkara, amma lissafin kuɗi da na ayyuka bai bi shi ba.

Mu fara da alƙaluman kansu. Ƙidaya tana rubuta mutum ne a inda ta same shi a kwanakin da aka yi ta. A watan Maris na 2006 an taƙaita zirga-zirga, kasuwanni sun rufe, kowa ya zauna gida, mutane da dama kuma sun koma garuruwansu na asali don a ƙirga su can. Saboda haka adadin 364,575 na masu kwana ne a Kaduna ta Arewa a makon da gari ya tsaya cik. Bai san da ɗan tireda da ke kwana a Rigasa ya wuni a Babbar Kasuwa ba, ko ma'aikacin sakatariyar jiha da ke fitowa daga Rigachikun ko Maraban Jos kowace safiya. Ƙari a kan haka, sakamakon da aka wallafa ya tsaya ne a matakin ƙaramar hukuma, bai sauko zuwa mazaɓa ko unguwa ba. Mai son gina makaranta a Badarawa ko asibitin sha-ka-tafi a Hayin Banki ba shi da adadin hukuma na mutanen wurin da zai dogara da shi. Ƙidayar da aka shirya yi a watan Mayun 2023 an ɗage ta, don haka har yanzu da awon da aka yi wa yaro ake yanka wa magidanci riga.

Abin da ofisoshi ke yi shi ne su ɗauki adadin 2006 su ninka da ƙaruwar kashi uku cikin ɗari ko makamancin haka a kowace shekara. Da wannan lissafi Kaduna ta Arewa za ta kai kimanin mutum 640,000 a 2025. Lissafin daidai ne a kan allo, amma ya ginu a kan zaton cewa dukkan ƙananan hukumomi tafiya ɗaya suke yi, alhali ƙasar Doka ta kusa ƙarewa tuntuni. Kogin Kaduna ya tare ta daga gabas da kudu, barikoki da filayen gwamnati sun ɗauke babban kaso na cikinta. Saurayin da aka haifa a Unguwar Shanu ko Unguwar Kanawa, in zai yi aure, da wuya ya sami fili a inda ya tashi; sai dai ya nufi Rigasa, ko Mando, ko Hayin Na'iya, ko bayan Kawo zuwa Rigachikun. Haihuwa ana yin ta sosai, domin binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mace ɗaya a Arewa maso Yamma na haihuwar 'ya'ya 6.6 a matsakaici, ko da yake na birni bai kai haka ba. Sai dai 'ya'yan da Doka ta haifa, Igabi ce ke karɓar yawancinsu idan sun girma. Ninkawa da kaso iri ɗaya ga kowa na iya kumbura adadin masu kwana a tsakiyar gari, ya kuma tauye na gefe inda gine-gine ke tashi kamar ana korarsu.

Tarihin garin ya bayyana yadda aka zo nan. Ƙasar Gbagyi ce, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, kuma ƙauyukansu ne Turawa suka tarar a bakin kogi. Lugard ya zaɓi wurin ne saboda ruwa da layin dogo, sojoji suka fara sauka, sannan a 1917 aka ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru aka dawo da ita Kaduna. Tsarin farko na wariya ne ƙarara: unguwar Turawa mai manyan filaye da itatuwa a gefe ɗaya, barikoki a wani gefen, unguwannin 'yan ƙasa a wani, da tazarar yadi 440 da doka ta hana gini a cikinta tsakanin Bature da baƙar fata. Sawun wannan rabo yana nan har gobe. A tsohuwar unguwar Turawa gida ɗaya kan zauna a filin da zai ɗauki gidaje goma na Abakwa ko Kabala. Idan an ce mutum dubu biyar a murabba'in kilomita, matsakaici ne da ke ɓoye unguwannin da suka ninka haka sau da yawa, da wasu da ba su kai rabinsa ba.

A 1956 aka yanke Kaduna daga Lardin Zazzau aka mai da ita yankin babban birni mai hukumarsa. Gwamnatin Arewa ta ɗauko masanin tsara birane Max Lock, wanda ya fitar da littafinsa a 1967 da hangen shekara hamsin, har zuwa 2017. Abin da ya fi burge ni a aikin shi ne bai fara da zanen tituna ba. Sai da aka shiga unguwanni aka tambayi mutane sana'arsu, da inda suka fito, da yadda suke zaune, kafin a ɗora alƙalami a kan taswira. Kuma ya ɗauki birnin da kewayensa a matsayin abu ɗaya. Rashin sa'ar aikin ita ce a watan Mayun wannan shekarar gwamnatin Gowon ta rushe Jihar Arewa ta raba ta gida shida. Tsarin da aka yi wa hedikwatar rabin ƙasa sai ya faɗa hannun jiha ɗaya, Arewa ta Tsakiya, wadda ta koma Jihar Kaduna a 1976. Daga baya aka yanyanka birnin tsakanin ƙananan hukumomi huɗu, Kaduna ta Arewa da ta Kudu da Igabi da Chikun, biyun ƙarshe kuma hedikwatocinsu na Turunku da Kujama, nesa da unguwannin da suka fi cika. Jimillar huɗun a 2006 ta kai mutum miliyan ɗaya da dubu ɗari biyar da saba'in, kusan rubu'in jiha mai mutum 6,113,503.

Rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 sun ƙara wani tsagi da babu shi a taswirar kowa. Iyalai sun yi ƙaura don tsira da rai, Musulmi da yawa suka dawo arewacin kogi, Kiristoci da yawa suka koma kudu, zuwa Sabon Tasha da Unguwar Romi da Gonin Gora. Ƙidayar 2006 ba ta tambayi addini ko ƙabila ba, amma duk wanda ya san garin ya san yadda gidaje suka canza hannu. Ga mai tsara gari, sakamakon shi ne mutane da yawa sun daina kwana kusa da wurin aikinsu. Kasuwa da ofis sun ci gaba da haɗa kowa da rana, dare kuma ya raba su, sai nauyin duka ya hau kan gadojin da ke kan kogi. 'Yan shekarun nan kuma matsalar 'yan bindiga a Birnin Gwari da Giwa da ƙauyukan Igabi da Chikun ta turo wasu dubban mutane zuwa gefen birni, suna raɓe a gidajen 'yan uwa da kangwaye, kuma babu ƙidayar da ta gan su.

Tattalin arzikin Doka ya sha bamban da na kudancin kogi tun asali. Masana'antu can aka kai su: masaƙar Kaduna ta farko a Kakuri a 1957, wasu masaƙu suka biyo baya, kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975, matatar mai a 1980. Arewacin kogin kuwa gari ne na albashi da ciniki: ma'aikatan gwamnati, sojoji, bankuna, gidan rediyo da jaridar New Nigerian, kamfanin raya Arewa na NNDC, asibitoci da makarantu. Ƙafafu biyun sun dogara da juna, domin albashin ma'aikacin masaƙa a Babbar Kasuwa yake ƙarewa. Da masaƙar farko ta rufe a 2002, babbarsu UNTL ta bi sahu a 2007, dubban magidanta suka rasa aiki, kuma ba ƙauye yawancinsu suka koma ba. Sun shiga acaɓa, da tuƙin Keke, da dako, da tireda, da gadi. Wannan shi ne tattalin arzikin da ke riƙe da mafi yawan gidaje a yau, kuma shi ne wanda ya fi ƙarancin bayani a rubuce.

A je Kawo ranar Talata a gani. Tun kafin rana ta ɗaga, motocin ƙauye sun fara sauke buhunan masara da dawa da waken suya, da kwandunan tumatir da tattasai, awaki da tumaki a ɗaure a gefe, kaji a cikin akurki. Mai kayan daga ƙauyen Igabi yake, dillalin ɗan Kawo ne, mai saye wataƙila matar ma'aikaci ce daga Malali ko mai gidan abinci daga Unguwar Rimi, ɗan dakon da zai kai mata mota kuma ɗan ci-rani ne daga Katsina ko Zamfara. A cikin ciniki ɗaya an taɓa ƙananan hukumomi biyu da jihohi biyu. Kuɗin ƙasa da na tebur da na tasha ana karɓa a Kawo, amma hanyar da buhun ya biyo, wadda damina ke yankewa, tana ƙarƙashin wata hukuma dabam. Haka kuma noma bai bar cikin garin ba. A fadamun bakin kogi, wajen Rafin Guza da Malali da Kabala, masu lambu na noman rani, alayyafo da latas da kabeji, masu haƙar yashi na lodin tifa a kusa da su. Tsarin gari na kallon waɗannan filaye a matsayin wuraren da ba a riga an gina ba, alhali suna ciyar da kasuwa, kuma su ne mashayar ruwa idan kogi ya kawo.

Wani abin lura shi ne duk wani babban aiki mai cin fili ya riga ya bar Doka. Makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA, wadda aka kafa a 1964, ta gina mazauninta na dindindin a Afaka. Filin jirgin sama da filin baje kolin duniya na hanyar Zariya suna ƙasar Igabi. Tashar jirgin ƙasan Abuja da aka buɗe a 2016 tana Rigasa. Sabon garin Millennium City yana hayin kogi ta gabas. A cikin Doka kanta, gidajen zama na tsofaffin tituna irin su titin Kano da titin Katsina da titin Legas suna ta komawa shaguna. Magada sukan sayar, mai saye ya rushe, ya tayar da bene mai shaguna ashirin ko talatin, ba wurin ajiye mota, ba bayan gida isasshe, kwatar da aka yi wa iyali ɗaya kuma ita ce za ta ɗauki ruwan duka. Masu kwana a titin sun ragu, masu wuni sun ninka. A lissafin ƙidaya titin ya yi sauƙi, a lissafin shara da ruwa da cunkoso kuwa ya yi nauyi.

Nan ne maganar kuɗi ta shigo. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna raba kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya. Wajen rabawa a tsakaninsu, kashi 40 daidai-wa-daida ne, 30 bisa yawan jama'a, 10 bisa faɗin ƙasa da yanayinta, 10 bisa abubuwan ci gaban al'umma, 10 bisa ƙoƙarin tara kuɗin shiga. Ba wani gurbi a wannan ma'auni da ya san da baƙin rana. Doka tana kwashe sharar mutanen da aka ƙirga wa wasu, Igabi kuma tana ɗauke da makarantu da asibitocin unguwannin birni da kason da aka auna mata a 2006. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kasuwanni da tashoshin mota da kwashe shara da maƙabartu da sanya wa tituna suna da gidaje lamba da rajistar haihuwa da mutuwa. A aikace, a Kaduna jiha ce ke riƙe da mafi yawan waɗannan a cikin birni, kuma tun dokar haraji ta 2016 tattara kuɗin shiga ya koma hannun hukumar haraji ta jiha. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, abin maraba ne ta fuskar riƙon amana. Amma ko an aiwatar da shi ɗari bisa ɗari, ba zai gyara ma'aunin ba, kuma yana iya sa kowane shugaba ya ja nasa ya tsaya a kan iyakarsa, a garin da ruwan sama da shara da motoci ba su san iyaka ba.

Gwamnatin Nasiru El-Rufa'i ta yi yunƙuri mafi girma tun bayan Max Lock. Ta kafa hukumar KADGIS don mayar da rajistar filaye cikin kwamfuta, ta ƙarfafa hukumar ƙididdiga ta jiha da binciken gidaje, a 2019 ta ƙaddamar da shirin sabunta birane wanda ya faɗaɗa tituna ya sake gina gadar saman Kawo, a 2021 kuma ta kafa hukumar kula da babban birnin Kaduna da ta haɗa Kaduna ta Arewa da ta Kudu da sassan Igabi da Chikun. Wannan na ƙarshe, a ganina, shi ne mafi muhimmanci, domin ya amsa cewa birnin ɗaya ne. Titunan sun sauƙaƙa tafiya, ba mai musun haka. Inda nake da ja shi ne wurin da nauyin kuɗin ya faɗa da kuma yadda aka yi da masu ƙaramin ƙarfi. An zuba mafi yawa a kan manyan tituna da kasuwannin zamani, rusau ya tashi 'yan tebur da masu rumfuna, kuma farashin sabbin shaguna ya fi ƙarfin da yawa daga cikinsu. Ɗan kasuwar da aka tasa ba ya ɓacewa. Gefen titi yake komawa, ko ya ƙara matsawa unguwannin bayan gari inda ba tsari, sai matsalar ta sauya mazauni kawai.

Idan aka tambaye ni abin da ya fi gaggawa, zan ce filin gobe ne a gefen gari, tun kafin ma a zo kan gyaran tsakiya. Yadda unguwa ke haihuwa a bayan Rigasa ko Rigachikun sananne ne. Manomi ya ga gari ya iso gonarsa, ya kira dillali, a ja igiya a yanka fuloti hamsin-hamsin, mai unguwa ya sa hannu a takardar ciniki, a bar lungun da mota ɗaya ba za ta wuce wata ba. Ba a ware filin makaranta, ko na asibiti, ko maƙabarta, ko hanyar ruwa, don ba wanda zai biya manomin kuɗin wannan filin. Dokar filaye ta 1978 ta ba gwamna ikon filayen birni, ta bar na karkara ga ƙaramar hukuma, kuma a tsakanin biyun ne awon igiya ke bunƙasa, a wurin da takarda ke cewa karkara ido kuma na ganin birni. Bayan shekara goma, idan hukumar tsara birane ta jiha, KASUPDA, ta zo fitar da titi, sai an rushe gidaje an biya diyya, a jawo ƙiyayya da shari'a. Sayen hanyar titi da filin makaranta tun wurin yana gona ya fi arha nesa ba kusa ba, kuma manomi da dillali ba za su ƙi ba idan an nuna musu cewa fulotin da ke bakin titi mai faɗi ya fi tsada.

Ruwa na biye, ta fuska biyu. Na sha yana fitowa ne daga matatar Malali da ke ɗibar kogi, da madatsar Kangimi a matsayin ma'ajiya, amma bututun sun tsufa kuma ba su bi gari zuwa inda ya kai ba. A unguwanni da yawa ɗan ga-ruwa da kurarsa ta jarkoki shi ne hukumar ruwa, kuma talakan da ke saye jarka-jarka ya fi mai famfo a gida biyan tsada a kan kowace lita. Rijiyoyin burtsatse na ƙaruwa, sau da yawa taku kaɗan daga ramin masai. Ɗaya fuskar ita ce ta ambaliya. Kaduna na samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa a Agusta da Satumba. Ambaliyar 2003 ta cinye gidaje a bakin kogi daga Malali zuwa titin Kigo da Kabala, ta 2012 ta sake tunatarwa, amma gini a fadama bai tsaya ba. Kowane fili da aka shafe da siminti a tudu yana ƙara gudun ruwan da zai sauko kan na gangare, kuma rafukan da ke ratsa unguwanni sun zama bola. Magudanar ruwa ba ta da farin jinin gadar sama wajen buɗe aiki, shi ya sa take zuwa ƙarshe a kasafi.

Duk waɗannan suna buƙatar adadi, kuma ba lallai sai an jira Abuja ba. Jiha tana da abubuwan da za a haɗa a sami hoto mai kyau: rajistar ɗaliban firamare, lissafin gida-gida da ma'aikatan rigakafin shan-inna ke yi unguwa-unguwa, rajistar masu zaɓe a kowace rumfa, hotunan sama na KADGIS da za a ƙirga rufin gidaje da su, da mitocin wutar lantarki. Masu unguwanni da limamai da fastoci sun san wanda ya haihu da wanda ya rasu da baƙon da ya sauka, sai dai ba wanda ya ba su littafi ɗaya da tsari ɗaya. A ƙara da ƙirga masu shigowa a mashigai kaɗan, gadar Kawo da mahaɗar Mando da hanyar Rigasa da gadojin kogi, daga asuba zuwa hantsi a ranakun aiki da ranar Talata. Wannan aiki ne da ɗaliban Jami'ar Jihar Kaduna da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna za su iya yi cikin zango ɗaya a ƙarƙashin hukumar ƙididdiga. Da shi za a sami adadi biyu ga kowace mazaɓa, na dare da na rana. Na dare shi zai faɗi inda za a gina aji da ɗakin haihuwa, na rana kuma ya faɗi yawan motocin shara da bayan gida na jama'a da tashoshin bas da Doka ke buƙata, da kuma kason da ya kamata jiha ta ƙara mata, ta ƙara wa Igabi da Chikun, daga kuɗin shigar da birnin gaba ɗaya ke tarawa.